Tarihin Maganin Yawan Zufa da Allurar Botulinum

Allurar botulinum tana cikin magungunan da likitocin fata ke amfani da su a yau wajen tsayar da zufar da ta wuce kima a hammata, da tafin hannu, da tafin ƙafa, da goshi. Abin da ke cikin allurar guba ce da wata ƙwayar cuta mai suna Clostridium botulinum take fitarwa. A cikin duk gubar da aka sani babu wadda ta kai ta ƙarfi, domin abin da bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na giram ba ya isa ya kashe babban mutum idan ya shiga jini. Wannan magani ya samo asali ne daga bincike iri biyu da suka daɗe kowanne yana kan hanyarsa. Akwai ƙoƙarin likitoci na sama wa masu fama da yawan zufa sauƙi, akwai kuma binciken gubar da ke kashe mutane ta hanyar gurɓataccen abinci. A shekarun 1990 ne hanyoyin biyu suka haɗu, duk da cewa tun 1822 wani likita a Jamus ya hango haɗuwar tasu.

Zufa da cutar yawan zufa

Fatar ɗan Adam tana ɗauke da ƙananan maɓuɓɓugan zufa tsakanin miliyan 2 zuwa miliyan 4, kuma sun fi cunkushewa a tafin hannu da tafin ƙafa da goshi. Masanin jikin ɗan Adam Jan Purkinje ya bayyana su a 1833. Aikinsu sanyaya jiki ne: idan zafi ya yi yawa, ƙwaƙwalwa ta aika umarni ta jijiyoyin saƙo waɗanda ba sa jiran izinin mai jiki, maɓuɓɓugan su saki ruwa, ruwan ya bushe ya tafi da zafin. A 1934 Henry Dale da Wilhelm Feldberg, a wani gwaji da suka yi a Landan kan tafin ƙafar kyanwa, suka nuna cewa sinadarin da jijiyar ke saki don isar da wannan umarni shi ne asetilkolin. Shi ne kuma sinadarin da ke umartar tsoka ta motsa.

Cutar yawan zufa, wadda likitoci ke kira haifahaidurosis, iri biyu ce. Akwai wadda ke biyo bayan wani ciwo, kamar tarin fuka, ko zazzaɓin cizon sauro, ko ciwon suga, ko cutar maƙoƙo mai sa bugun zuciya, ko daina jinin al'ada ga mata. Irin wannan takan game jiki duka, takan zo da dare, kuma maganinta shi ne maganin ciwon da ya haddasa ta. Akwai kuma wadda take cuta ce mai zaman kanta. Wannan takan fara tun ƙuruciya ko lokacin balaga, ta kama wurare ƙayyadaddu dama da hagu daidai wa daida, ta tsaya idan mutum ya yi barci, kuma sau da yawa akan same ta a dangi. Maɓuɓɓugan mai wannan cuta lafiyarsu ƙalau, umarnin da ke zuwa musu ne ya yi yawa. Mai ita yakan jiƙa takardar da yake rubutu a kai, kayan aiki su riƙa suɓuce masa, ya riƙa jin nauyin miƙa hannu a gaisa, ya sauya riga sau da dama a yini ko da ana sanyi. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2004 ya ƙiyasta cewa kashi 2.8 cikin 100 na mutanen ƙasar suna da ita, kuma mafi yawansu ba su taɓa kai kukansu ga likita ba.

Magungunan da aka fara da su

Mafi daɗewa a cikin magungunan zufa shi ne alimun. Marubucin Rumawa Pliny, wanda ya rasu a shekara ta 79 Miladiyya, ya ambaci amfaninsa wajen rage zufa da warin hammata, kuma har yau ana shafa shi don haka a ƙasashe da yawa. Likitocin ƙarni na 19 sun ƙara da magungunan da ake samu daga tsiron beladona, waɗanda ke busar da jiki gaba ɗaya. Suna rage zufa, amma suna busar da baki, su dushe gani, su wahalar da fitsari.

A farkon ƙarni na 20 gishirin aluminiyam ya shiga kasuwa. Wani likitan tiyata a birnin Cincinnati na Amurka ya haɗa ruwan aluminiyam kulorayid don hannunsa ya daina zufa a lokacin aiki, sai 'yarsa Edna Murphey ta mayar da shi haja da sunan Odorono, ta kai shi baje koli a Atlantic City a 1912. A 1916 likitan fata Arthur Stillians na Chicago ya wallafa bayanin yadda wannan ruwa ke tsayar da zufa. Gishirin yana toshe bakin maɓuɓɓugan ne na ɗan lokaci. Har gobe shi ne matakin farko da likita ke ɗora mara lafiya a kai, sai dai yana sa ƙaiƙayi da raɗaɗi, kuma ba ya isar wanda cutarsa ta yi tsanani. A wannan zamani an gwada haska fata da hoton eksire don a kashe maɓuɓɓugan, daga baya aka bari, saboda ƙunar fata da ciwon dajin da ke biyo baya.

A 1952 aka bayyana wata dabara ta tsoma hannu ko ƙafa cikin ruwan famfo da ake ratsa shi da lantarki mara ƙarfi. Tana aiki ga tafin hannu da tafin ƙafa, amma sai an riƙa maimaitawa duk mako, kuma ba ta dace da siffar hammata ba. Don haka a farkon shekarun 1960 likitoci a Suwidin da Amurka suka koma yanke fatar hammata tare da maɓuɓɓuganta, aikin da ke barin tabo, wani lokaci har ya takura ɗaga hannu.

Hanya mafi tsanani ita ce yanke jijiyar da ke kai umarnin. Anastas Kotzareff ya ba da rahoton irin wannan tiyata a Janiba a 1920. A shekarun 1950 Erhard Kux na Ostiriya ya riƙa yin ta da na'urar leƙa ƙirji ba tare da babban yanka ba, sannan likitocin garin Borås na Suwidin suka yaɗa ta a shekarun 1990. Tiyatar tana busar da tafin hannu nan take, kuma galibi har abada. Illarta ita ce da yawa daga waɗanda aka yi wa sai zufar ta koma musu baya da ciki da cinya, wasu ma ta fi ta da yawa, suka zama sun guje wa gara sun faɗa gidan zago, ga shi jijiyar da aka yanke ba ta komawa. Abin da likitoci suka rasa a duk tsawon wannan lokaci shi ne maganin da zai katse umarnin a wuri guda kaɗai, ba tare da wuƙa ba, ba tare da ya taɓa sauran jiki ba.

Gubar nama a Württemberg

A ƙarshen ƙarni na 18 da farkon na 19, masarautar Württemberg da ke kudancin Jamus ta yi fama da wata irin mutuwa da ke bin cin naman da ake ɗurawa cikin hanji ko tumbi, a haɗa da jini, a yi bandarsa a ajiye. A 1793, a garin Wildbad, mutum 13 suka kamu bayan sun ci irin wannan nama, 6 suka mutu. Yaƙe-yaƙen zamanin Napoleon sun jefa ƙauyuka cikin talauci, tsaftar yanka da ajiya ta ja baya, mace-macen suka ƙaru har gwamnati ta fitar da gargaɗi a Stuttgart a 1802.

Wanda ya zauna ya bi diddigin lamarin shi ne Justinus Kerner, likitan gwamnati kuma mawaƙi, wanda ya rayu daga 1786 zuwa 1862 kuma ya yi yawancin aikinsa a garin Weinsberg. Ya fara wallafa rahoto a 1817, ya fitar da littafi a 1820 kan marasa lafiya 76, sannan wani a 1822 kan mutum 155. Ya bayyana alamomin cutar dalla-dalla: fatar ido ta faɗi, gani ya rabu biyu, haɗiya ta gagara, murya ta shaƙe, gaɓoɓi su mutu daga sama zuwa ƙasa, daga ƙarshe numfashi ya tsaya, alhali hankalin mutum da jin taɓawarsa suna nan. Ya kuma lura da cewa jikin mara lafiyar yakan bushe, babu hawaye, babu yawu, babu zufa.

Kerner ya tatsi ruwan gurɓataccen naman ya ba dabbobi, ya kuma ɗiga kaɗan a harshensa ya ji yadda maƙogwaronsa ya bushe. Daga nan ya yanke cewa gubar tana tasowa ne a inda iska ba ta shiga, tana katse saƙon jijiya, kuma ɗan ƙanƙanin abu daga cikinta yana kisa. A babin ƙarshe na littafin 1822 ya kawo shawarar da ta sha gaban zamaninsa: idan aka ba da gubar a ƙaramin awo, za ta iya zama magani ga cututtukan da ke sa gaɓoɓi fizga, da kuma masu sa jiki fitar da ruwa fiye da kima, har da zufa. Ba shi da hanyar tace gubar, ba shi da hanyar auna ta, don haka shawarar ta zauna a takarda fiye da shekara 150.

Gano ƙwayar cutar

A watan Disamba na 1895, 'yan wata ƙungiyar masu busa su 34 suka yi wasa a wurin jana'iza a ƙauyen Ellezelles na Beljiyam, sannan suka ci cinyar alade da aka ajiye da gishiri. Da yawansu suka kwanta, uku suka mutu. Aka kai ragowar naman da sassan gawarwakin ga Émile van Ermengem, malami a Jami'ar Ghent, wanda ya yi karatu a wurin Robert Koch a Balin. Ya ware ƙwayar cutar, ya nuna cewa gubar da take fitarwa ita ce ke kisa, ya wallafa sakamakon a 1897. Ƙwayar tana zaune a ƙasa da laka a ko'ina a duniya, a lulluɓe cikin wani ƙwanso mai jure zafi da fari, kuma ba ta farkawa ta yi guba sai ta sami wuri mai danshi wanda iska ba ta shiga.

A 1904 wake na gwangwani ya kashe mutane a Darmstadt, aka gane cewa ba nama kaɗai ke ɗaukar gubar ba, kuma ba iri ɗaya ba ce. A 1919 Georgina Burke ta Jami'ar Stanford ta raba ta gida biyu, A da B, daga baya lissafin ya kai iri bakwai, daga A zuwa G. A wannan shekarar ne kuma zaitun na gwangwani daga Kalifoniya ya kashe mutane a wasu jihohin Amurka. Kamfanonin gwangwani suka ɗauki nauyin bincike, inda Karl Meyer da abokan aikinsa a San Francisco suka gano yawan zafi da tsawon lokacin da ke kashe ƙwanson. Daga aikinsu aka samo ƙa'idar dafa abincin gwangwani a zafin digiri 121 na tsawon aƙalla minti uku. A San Francisco ne kuma Herman Sommer da Tessmer Snipe suka fara tace gubar nau'in A a 1928.

Daga barikin soja zuwa asibitin ido

Yaƙin Duniya na Biyu ya kai binciken hannun soja. Amurka da Birtaniya sun ji tsoron kada Jamus ta yi makami da gubar, sai suka buɗe nasu aikin a Camp Detrick da ke jihar Maryland da kuma Porton Down a Ingila. A 1946 Carl Lamanna da abokan aikinsa a Camp Detrick suka sami tsantsar gubar, Edward Schantz kuma ya ƙware wajen haɗa ta da yawa ba tare da ta lalace ba. A 1949 Arnold Burgen da abokansa a Landan suka gano ainihin aikinta: tana hana bakin jijiya sakin asetilkolin. Tsokar lafiyarta ƙalau, jijiyar ma ba ta mutu ba, saƙon ne ba ya ƙetarawa. Bayan Shugaba Nixon ya rufe shirin makaman ƙwayoyin cuta na Amurka a 1969, Schantz ya koma Jami'ar Wisconsin a 1972, ya ci gaba da ba masu bincike gubar.

Cikin waɗanda suka karɓa akwai Alan Scott, likitan ido a cibiyar Smith-Kettlewell ta San Francisco, wanda ke neman hanyar gyara harara-garke ba tare da tiyata ba. Dabararsa ita ce ya raunana tsokar da ke jan ido gefe guda don ido ya daidaita. Ya wallafa gwajinsa kan birai a 1973, ya fara yi wa mutane a ƙarshen shekarun 1970, ya fitar da sakamakon a 1980. Abin da Scott ya tabbatar shi ne gubar tana tsayawa kusa da inda aka zuba ta idan awon ya yi ƙanƙanta, kuma aikinta yana gushewa bayan 'yan watanni. A watan Disamba na 1989 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta amince da maganin da sunan Oculinum don harara-garke da cutar runtse ido ba da son rai ba. Kamfanin Allergan ya saye shi a 1991 ya sa masa suna Botox. Haɗi guda da Schantz ya yi a watan Nuwamba na 1979, wanda bai kai giram ɗaya ba, shi ya wadatar da kamfanin har zuwa 1997. A Ingila kuma aikin Porton Down ya haifar da nau'in da ake kira Dysport.

A Vancouver ta Kanada, likitar ido Jean Carruthers da mijinta Alastair, likitan fata, sun lura a 1987 cewa allurar tana share tamojin da ke tsakanin gira. Wannan ya buɗe kasuwar kwalliya wadda ta sa sunan Botox ya game duniya, ya kuma sa likitocin fata suka saba da maganin. A 1993 masu bincike suka gano abin da gubar nau'in A take yankewa a cikin bakin jijiya, wani furotin mai suna SNAP-25 wanda sai da shi ƙananan buhunan da ke ɗauke da asetilkolin ke iya buɗewa. Jijiyar takan ɗauki watanni kafin ta gyara wannan ɓarna, kuma shi ya sa aikin allurar yake da wa'adi.

Komawa ga zufa

Tun da asetilkolin ne ke umartar tsoka, shi ne kuma ke umartar maɓuɓɓugar zufa, abin da ya rage shi ne wani ya duba fatar waɗanda ake yi wa allurar. Likitocin jijiya biyu a Ingila, Khalaf Bushara da David Park, su suka yi haka. Suna yi wa masu fizgar gefen fuska allura, sai suka lura cewa wurin da maganin ya taɓa ba ya zufa, suka wallafa wannan a 1994. A 1996 Bushara da abokan aikinsa suka gwada a bayan hannu da hammatar wasu masu lafiya da suka ba da kansu, zufar ta tsaya na tsawon watanni.

A daidai wannan lokaci likitocin kunne da maƙogwaro a Jamus suka gwada maganin kan wata cuta da likitar jijiya Łucja Frey ta bayyana a birnin Lwów a 1923. Cutar takan biyo bayan tiyata ko rauni a maɓuɓɓugar yawu da ke gaban kunne: jijiyoyin yawu su tsiro su kama maɓuɓɓugan zufa bisa kuskure, sai kuncin mutum ya riƙa tsiyayar zufa duk lokacin da yake cin abinci. Rahoton Drobik da Laskawi na 1995 ya nuna cewa allurar tana tsayar da wannan. Daga 1997 kuma rahotanni kan tafin hannu suka fara fitowa daga Viyana da Würzburg.

Duk waɗannan gwaje-gwaje sun dogara da wata tsohuwar dabara ta likitan Rasha Victor Minor, wadda ya bayyana a 1928. Ana shafa ruwan aidin a fata, a bari ya bushe, a barbaɗa garin sitaci, sai duk inda zufa ke fita ya rine ya koma shuɗi mai duhu. Da haka likita ke ganin iyakar wurin da ke buƙatar allura. Don sanin yawan zufar kuma, ana ɗora takardar tace ruwa a hammata na 'yan mintuna a auna nauyinta kafin da bayan.

Manyan gwaje-gwaje biyu suka fito a 2001. Marc Heckmann na Munich da abokan aikinsa sun yi wa mutum 145 allurar Dysport a hammata guda, ɗaya hammatar kuma aka zuba ruwan da babu magani a ciki. Kafin allura, matsakaicin zufar ya kai miligiram 192 a minti guda. Bayan mako biyu ya sauka zuwa 24 a ɓangaren da ya sami magani, alhali ɗaya ɓangaren yana 144. Markus Naumann da Nicholas Lowe kuma sun gwada Botox kan mutum 320 a asibitocin Turai. Bayan mako huɗu, kashi 94 cikin 100 na waɗanda suka sami maganin zufarsu ta ragu da aƙalla rabi, idan aka kwatanta da kashi 36 na waɗanda ba su samu ba. Birtaniya da Kanada suka amince da maganin don zufar hammata a 2001, hukumar FDA ta biyo baya a watan Yuli na 2004, ga manya waɗanda cutarsu ta yi tsanani kuma maganin shafawa ya kasa.

Yadda ake yin allurar da iyakarta

Tsarin da waɗannan gwaje-gwaje suka kafa shi ake bi har yanzu. Likita yakan fara tabbatar da cewa zufar ba alamar wani ciwo ba ce, domin busar da fatar mai tarin fuka ko mai cutar maƙoƙo ɓoye alama ne, ciwon yana nan yana ci. Daga nan a aske hammata, a yi gwajin aidin da sitaci, a raba awo 50 na Botox a wurare 10 zuwa 15 a kowace hammata, tsakaninsu santimita 1 zuwa 2, da siririyar allura da ke tsayawa a cikin fata ba ta kai tsoka ba. Kwalba mai awo 100 tana ɗauke da kimanin nanogiram 5 na maganin, wato kashi biyar cikin biliyan na giram. Sauƙi yakan fara cikin 'yan kwanaki, ya cika a mako biyu, ya kai kimanin wata shida zuwa bakwai kafin a buƙaci maimaitawa. Busar da hammata ba ya hana jiki sanyaya kansa, domin maɓuɓɓugan da ke wurin ba su wuce kimanin kashi 2 cikin 100 na jimillar ba.

Tafin hannu ya fi wuya. Fatar tana da jin zafi ƙwarai, don haka akan sa ƙanƙara ko a kashe jijiyar wuyan hannu kafin a fara. Ana buƙatar awo mafi yawa, kuma maganin yakan ɗan taɓa ƙananan tsokokin yatsu, riƙo ya yi rauni na wasu makonni, abin da tela ko mai rubutu ko likitan tiyata dole ya yi la'akari da shi. Ba a yi wa masu cutar raunin tsoka irin ta mayasteniya, ko wanda fatar wurin ta kamu da ƙwayar cuta, kuma ana kauce wa yi wa mai juna biyu.

Bayan 2004

Yaɗuwar maganin ta zo da haɗarinta. A watan Nuwamba na 2004 mutum huɗu a jihar Florida suka shanye har sai da aka sa musu na'urar numfashi, bayan an yi musu allurar kwalliya da gubar da aka haɗa don ɗakin bincike kawai, mai ƙarfin da ya ninka na asibiti sau dubbai. A 2009 hukumar FDA ta wajabta buga gargaɗi mafi girma a kan kowace kwalba, cewa gubar tana iya zarce inda aka zuba ta ta taɓa haɗiya da numfashi. Ta kuma ba kowane nau'i suna na daban, saboda awon kamfani guda ba daidai yake da na wani ba. A yau ana haɗa maganin a Amurka da Turai da Koriya ta Kudu da Sin, kuma jabu yana yawo a kasuwanni da intanet. Yawancin nau'o'in suna buƙatar ajiya a firij tsakanin digiri 2 zuwa 8, wanda ƙalubale ne a inda lantarki ba ya tsayawa. Tsadar kwalba da buƙatar maimaitawa sau biyu a shekara sun sa a ƙasashen Afirka da dama ba a samunsa sai a asibitocin kuɗi na manyan birane.

Sababbin hanyoyi sun biyo baya. A 2011 aka amince a Amurka da na'urar miraDry, wadda ke ƙona maɓuɓɓugan hammata da zafi daga ƙarƙashin fata. A 2018 aka amince da Qbrexza, wani ƙyalle mai magani da ake goge hammata da shi kullum, sannan a 2020 Japan ta amince da man shafawa na sofpironium. A jerin matakan da likitocin fata ke bi yanzu, ana farawa da gishirin aluminiyam, a wuce zuwa magungunan shafawa ko na sha ko ruwan lantarki, sannan allurar botulinum, a bar yanke jijiya a matsayin mataki na ƙarshe ga zufar tafin hannu da ta gagari sauran hanyoyi.